Ina za mu kai Hajiya cin abincin dare a tsakiyar Alƙahira?

Abu_Safiyya:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san Alƙahira. In Allah ya yarda mako mai zuwa zan raka mahaifiyata ganin likitan gwiwa da zai yi mata aiki, ni da ita da ƙanwata. Wanda ya shirya mana tafiyar ya kama mana otal a tsakiyar gari, kusa da dandalin Talaat Harb, ya ce daga nan zuwa babban dandalin Tahrir da ƙafa ake zuwa. Karin kumallo kawai otal ɗin ke bayarwa. Da rana muna asibiti, duk abin da ya samu a ci. Abincin dare ne damuwata. Hajiya ta haura saba'in, tana da hawan jini, kuma tunda take ba ta taɓa kwana ba ta ci tuwo ba sai shekarar da ta je Hajji. Kwana 12 za mu yi. Ina mutum zai kai dattijuwa ta zauna cikin mutunci ta ci ta ƙoshi, ba wajen hayaƙin shisha da kiɗa ba? Ku taimaka min da sunan wuri da kuma abin da zan ce a kawo.

Ɗan_Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Malam, kai tsaye ka nufi Abou Tarek a titin Champollion. Daga inda kuka sauka bai fi tafiyar minti goma ba. Koshari kawai suke sayarwa, kafin ka gyara zama an dire maka kwano. Duk zuwana Masar sai na ci a can.

Ummu_Hanan:
Haba Ɗan_Kwari, tsohuwa mai ciwon gwiwa za ka tura cikin wannan turmutsitsin? Wurin hawa-hawa ne, kuma layin cike yake da masu gyaran mota. Abincinsu da daɗi, ban musa ba, amma ba shi aka tambaya ba.

Abu_Safiyya:
Amin, na gode. Shi koshari ɗin mene ne a ciki?

Azhari_Zazzau:
Yaya Abu Safiyya, Allah ya sa kaffara ne. Shekarata ta shida ke nan ina karatu a nan, bari in yi maka bayani dalla-dalla.

Koshari shinkafa ce da makaroni da adas, wato wani ɗan mitsitsin wake, wani lokaci da gutsattsarin taliya, a zuba miyar tumatir a sama, a watsa wani wake da suke kira hummus mai kama da gujiya, sannan a rufe da soyayyar albasa mai ƙaras-ƙaras. A kan tebur za ka tarar da kwalba biyu. Ɗaya ruwan tafarnuwa ne da khal, sunansa daƙƙa, ɗayar kuma shaɗɗa, wato barkono. Babu nama ko tsoka ɗaya. In kana son kwatance, garau-garaunsu ke nan, abincin leburori da ɗalibai, mai arha mai riƙe ciki.

Amma ga abin da baƙi ba su cika ganewa ba, kuma shi ne zai warware maka rabin matsalarka. Mutanen Masar ba da dare suke cin babban abincinsu ba. Abin da suke kira gada, shi ne girkin gida na gaske mai miya da nama, kuma bayan an taso daga aiki ake cinsa, wajen la'asar zuwa kafin magariba. Na dare, asha, mara nauyi ne: gurasa, cuku, wake, ƙwai, kindirmo. Shi ya sa in ka fita ƙarfe goma za ka ga gari ya cika maƙil kamar rana, amma abin da ke gabanka shawarma ne da hanta da soye-soye. Ƙananan gidajen da ke girki irin na gida, tukunyarsu kan yi ƙasa da wuri. Don haka in kun dawo daga asibiti kada ku kwanta ku ce sai bayan isha'i. Ku ci mai nauyin kafin magariba, ku riƙo gurasa da kindirmo, wanda suke kira zabadi, saboda cikin dare.

Abin da za ka nema wa Hajiya kuwa, ka riƙe kalma ɗaya: mulukiyya.

Bamaraɗiya:
Malohiya! Wallahi ko mu nan Maraɗi haka muke ce mata. Ɗan'uwa, lalo ce fa, wadda Hajiya ta sani tun tana yarinya. Ranar da na fara ganinta a Masar, lokacin da na raka maigidana, na yi zaton wata baƙuwar miya ce, ina kaiwa baki na ji gida. Bambancin kawai su ba su sa daddawa ba su sa kanwa, da romon kaza ko na zomo suke kaɗa ta.

Malam_Na_Gwale:
Anya lalo ce ba karkashi ba? Ni da na ci, yauƙin ya fi min kama da karkashi.

Bamaraɗiya:
A'a Malam, lalo ce. Ka je kasuwarsu ka ga ganyen a ɗaure, ba za ka yi gardama ba. Abin da ya ruɗe ka yankan ne. Suna da wata wuƙa mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, mai mariƙi biyu, da ita suke ta sara ganyen har ya koma kamar an niƙa.

Azhari_Zazzau:
Gaskiyar Anti Bamaraɗiya. Kuma sirrin miyar a ƙarshe yake. Sai an kusa saukewa ake soya tafarnuwa da busasshen kusbara a man shanu, a juye a tukunyar yana ƙara. Matansu har wata ajiyar numfashi suke ja da ƙarfi daidai lokacin da suke juyewa, sun gada kaka da kakanni cewa in ba a yi ba miyar ba ta kamawa. Matar mai gidan da muke haya tana yi, muna jiyo ta daga matakala.

Yaya, ka ce a kawo mulukiyya da farar shinkafa, ruz abyad. Ka nanata abyad ɗin, in ba haka ba da gauraye da soyayyar taliya za a kawo. Shinkafar Masar gajera ce mai danƙo, in aka danna ta da cokali tana haɗewa. Mu ɗalibai da ita muke tuƙa tuwon shinkafa, kuma ba ta buƙatar wahala. Hajiya za ta iya cura ta da hannu ta ɗebi miya yadda ta saba. Na biyu a ce ɗajin bamiya, kuɓewa ce ƙanana da nama da tumatir a kaskon ƙasa, daga tanda ake ɗauko ta tana tafasa.

Ummu_Hanan:
To ai har yanzu ba a faɗa masa wuri ba. Ni inda na kai surukata shi ne Felfela, babban gidan da ke titin Hoda Shaarawi, ba kantin da ke bakin titin Talaat Harb ba inda ake saye a tsaye. Tun 1959 suke. A ƙasa yake, cikinsa dogo da shuke-shuke da teburan kututturen itace, ga sanyi, ga jerin abinci da Turanci. Akwai ta'amiyya, wato ƙosansu, akwai gasasshen nama, akwai tattabara, akwai miyar adas. Mun zauna fiye da awa ɗaya babu wanda ya tashe mu.

Sadauki_Bichi:
Hajiya Ummu Hanan, a faɗa masa duka. Ana sayar da giya a wannan gidan saboda masu yawon buɗe ido. Haka Café Riche da ke kan Talaat Harb, wanda za ka ga an rubuta tun 1908, kada tsufan ginin ya ja ka ka shiga da mahaifiya. Ni ban ce abincinsu haram ne ba, amma mutumin nan cewa ya yi wurin mutunci. Dattijuwa 'yar Kano ta ɗaga kai ta ga kwalba a teburin kusa, abincin nan ya gama fita ranta.

Ummu_Hanan:
Ban ɓoye da gangan ba, wallahi mantawa na yi, don ranar da muka je da wuri ne, iyalai ne kawai a wurin. Amma ka yi gaskiya, gara ya sani ya zaɓa da kansa.

Abu_Safiyya:
Na gode da kuka fayyace. Hajiya ba za ta zauna inda ake shan giya ba, wannan na sani. Sai dai in ni in je in sayo in kawo mata ɗaki.

Alhajin_Sabon_Titi:
Ɗana, saurara. Na fara zuwa Alƙahira tun kafin a haifi wasu a zauren nan. In nama kake so wanda Bahaushe zai ci ya yi shiru, ka ɗauki mota zuwa Abou Shakra a titin Ƙasrul Aini, kudu da Tahrir kaɗan. Tun 1947 suke gasa nama a gawayi. A Masar kabab da kofta da awo ake saye, ka ce rubu'in kilo ko rabin kilo. Ku uku rabin kilo da ɗan ƙari ya ishe ku tunda za a kawo gurasa da miyar riɗi da suke kira ɗahina. Wa Hajiya ka ce kofta, niƙaƙƙen nama ne, ba ya wahalar da haƙori. A da kuma muna cin tattabara a wani tsohon gida a titin Alfi mai suna Alfi Bey, wanda aka buɗe a 1938. Titin na masu tafiya a ƙasa ne, mota ba ta shiga, sai a sauke ku a baki.

Abu ɗaya zan gaya maka: namansu ba ya da yaji. Gishiri ne da albasa da ɗan barkonon masoro. Ka ƙullo yajin ƙuli daga gida a ƙaramar roba, ka sa a aljihu. Babu wanda zai hana ka barbaɗawa.

Ɗan_Kwari:
Alhaji ya gama magana. Ni har man shanu da dakakkiyar kuka nake tafiya da su.

Sista_Rabi:
Ku yi haƙuri in shigo ta ɓangaren aikina, jinya nake yi. Duk kun manta ya ce tana da hawan jini, kuma aikin gwiwa ake shirin yi.

Na farko, duk inda kuka zauna za a ajiye muku wani ɗan kwano na karas da lemun tsami da kokwamba da aka jiƙa a ruwan gishiri, ɗurshi suke ce masa. Kada ta taɓa. Haka tsohon cukunsu, gishiri ne zalla. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci: za ku ga masu yawo da babbar butar gilashi ko ta ƙarfe a rataye a ƙirji suna kaɗa farantan tagulla, suna sayar da wani baƙin abin sha mai zaƙi-zaƙi da ɗaci, irƙisus. Wannan saiwar tana ɗaga hawan jini, sananne ne a likitance. Ko kyauta aka ba ta kada ta sha. Zoɓo kuwa suna da shi, karkade, da tsamiya, har da ruwan goruba, amma suna cika sukari, ka ce a rage.

Na uku, ɗanyen ganye da salak na wuraren bakin titi a bar shi, ruwa kuma na roba. Gudawa kwana biyu kafin aiki tana iya sa likita ya ɗaga ranar, ku ƙara kuɗin otal. Abin da aka dafa, aka kawo da zafinsa, shi za ta ci. Kuma daren da za a shiga aiki, abin da likita ya ce game da daina ci shi ne magana, ba abin da muka ce a nan ba.

Abu_Safiyya:
Sista, Allah ya saka da alheri. Wallahi da na ga irin wannan abin sha da na saya mata, don tana son jiƙe-jiƙe. Yaya ake cewa a rage gishiri?

Azhari_Zazzau:
Ka ce "malh khafif", gishiri kaɗan. Ba barkono: "min ger shaɗɗa". Ba sukari: "min ger sukkar". Nawa ne: "bikam". In kun gama: "el-hisab lau samaht". Kaza firakh, nama lahma, kifi samak. Kuma su jim ɗinsu ga ce, shi ya sa kuɗinsu za ka ji suna cewa gine. In ka yi musu Larabcin littafi za su gane ka sarai, amsar ce za ta zo maka da gudu. Amma ka sani miyar da aka riga aka dafa a tukunya ba a cire mata gishiri. Inda maganarka za ta yi aiki shi ne abin da ake gasawa nan take, kamar kaza ko karfasa, wadda suke kira bulɗi.

Hafsat_Dutse:
Ni fa ina mamakinmu. Mutum ya biya kuɗin jirgi ya keta Sahara, ya sauka ƙasar da ke da abincinta na dubban shekaru, sannan abin da yake nema tuwo. Ku bar tsohuwa ta ɗanɗana abin duniya mana. Ga Fasahet Somaya nan a tsakiyar garin, mace ce ke girki da hannunta, ba ta da takardar jerin abinci, abin da ta ga dama ta dafa ranar shi za ka ci, kuma 'yan awanni kawai take buɗewa da yamma. Ban taɓa cin girki a Masar da ya kai nata ba.

Malam_Na_Gwale:
'Yata Hafsat, ba yawon shaƙatawa za su ba. Mara lafiya in bai ci ba magani ba ya aiki. Mahaifina da muka kai shi Indiya kwana huɗu yana shayi da burodi, ya rame a idona, sai da muka samu wata baiwar Allah ta tuƙa masa tuwo sannan ya dawo hayyacinsa. Ke yarinya ce, cikinki na karɓar komai. Tsoho abin da harshensa ya sani shi ne abinci, sauran duk taɓa-ka-lashe ne.

Hafsat_Dutse:
Na ji Baba, kuma ban raina ba. Amma kwana 12 ne, kuma akwai ƙanwarsa da shi kansa. Su ma tuwon za su yi ta nema? Wurin da na faɗa ƙarami ne, ana jira kafin a samu kujera, don haka ban ce a kai Hajiya ba. Su biyun su yi karɓa-karɓa, ɗaya ya zauna da ita ɗaya ya fita ya ga gari.

Wad_Mai_Wurno:
Salamu alaikum dangi. Ni Bahaushen Sudan ne, kakanninmu suka zauna Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Yaƙin da ya tashi a Afrilun 2023 ne ya kawo mu Masar, yanzu muna unguwar Faisal a Giza. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa magana ba, amma wannan ta shafe ni.

Ɗan'uwa, tuwon da kake nema yana nan, sunansa ne ya canza. Ka nemi gidan abincin Sudan ka ce asida. Tuwo ne na dawa ko na gero, ana kife shi a kwano a zuba miya a kewaye. Miyar ka ce mulah weka, busasshiyar kuɓewa ce da aka daka, ko taƙaliyya mai busasshen nama da tumatir. Akwai kisra, kamar sinasir ce amma siririya kamar takarda. Akwai gurrasa, wadda ba sai na fassara wa mutumin Kano ba. Sannan akwai agashe. Ka ji sunan ai. Namanmu ne na Hausawa da garin ƙuli, iyayenmu suka shigar da shi Sudan, yau duk ƙasar da wannan suna ake kiransa.

A Faisal da Ardul Liwa gidajen abincin Sudan ba su ƙirguwa. Kusa da ku kuma, wajen Ataba da dandalin Opera, akwai lungun da 'yan Sudan suka daɗe suna taruwa, Haratus Sufi, nan ma ana samu. Wuraren ba na ƙawa ba ne, kujerun roba ne da hayaniya, saboda haka ka je da kula mai riƙe zafi ka sayo mata.

Bamaraɗiya:
Allahu akbar. Allah ya kawo muku zaman lafiya a ƙasarku, ɗan'uwa, ya maida kowa gidansa.

Alhajin_Sabon_Titi:
Amin. Ka ga amfanin tambaya ke nan. Shekara nawa ina zuwa garin nan ban san da wannan ba.

Abu_Safiyya:
Wad Mai Wurno, ka cire min ƙaya. Daga Talaat Harb yaya zan je Faisal ɗin?

Wad_Mai_Wurno:
In kai kaɗai ne ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Sadat da ke Tahrir, layi na biyu mai zuwa Giza, akwai tasha mai suna Faisal. Ataba ma a kan wannan layin take, ta ɗaya ɓangaren, tasha biyu daga Sadat. In da ƙanwarka ne, akwai taragon mata zalla a tsakiyar jirgin. Da Hajiya kuwa kada ka gwada, matakalar tana da yawa. Ka kira Uber ya ɗauke ku daga ƙofar otal.

Injiniya_Bello:
Tunda an zo maganar matakala, a duba wannan tun kafin a tashi. Tsakiyar Alƙahira da suke kira Wusɗul Balad, Khedive Isma'il ne ya sa aka zana ta bayan ya ga Paris a 1867, yana gaggawar ya nuna wa baƙin da za su zo buɗe mashigin Suez a 1869 birni irin na Turai. Yawancin benayen da ke tsaye yanzu an gina su daga ƙarshen wancan ƙarni zuwa wajen 1940. Suna da kyau ƙwarai, dogayen tagogi da baranda, amma da yawa daga ƙananan otal-otal ɗin unguwar hawa ɗaya ko biyu ne a cikin irin waɗannan gidaje, can sama, kuma lifta tsohuwa ce mai ƙofar ƙarfe da ake ja da hannu. Wasu ma sai ka taka matakala biyar ko shida kafin ka isa bakin liftar. Ka sa a tambayar maka hawa na nawa ne, kuma liftar na aiki. In fita cin abinci kullum zai zama hawa da sauka ga mai ciwon gwiwa, duk sunayen da aka jera maka ba su da amfani. Dakalin gefen titi ma yana da tudu, tsallaka titi kuma sai da dabara don motoci ba su cika tsayawa ba.

Ummu_Hanan:
Shi ya sa ni a zuwa na biyu gida na kama mai kicin a unguwar Madinat Nasr na riƙa girka mata da kaina. Ya fi arha, ya fi kwanciyar hankali.

Ɗan_Kwari:
An riga an biya otal ai, Hajiya. A bar shi ya ji da abin da ke gabansa. Malam, ƙarin wurare na kusa in dare ya yi muku: Gad a titin 26 Yuli, da Kazaz a titin Sabri Abu Alam dab da ku. Ful, wato dafaffen wake, ta'amiyya, shawarma, miyar adas, gasasshiyar kaza. Ta'amiyya ƙosai ce, sai dai cikinta kore ne saboda ganyen da suke niƙawa tare da waken. A samu mai zafi a haɗa wa Hajiya da shayi, ba za ta ce ba ta san wannan ba. In an gama kuma a bi ta El Abd a kan Talaat Harb a sayi basbusa, wani kek ɗinsu mai zaƙi. Za ka gane wurin da cincirindon da ke ƙofa.

Sista_Rabi:
Basbusar ta ƙanwarsa ce, Hajiya a ɗan gutsura mata kawai.

Sadauki_Bichi:
Wani abu da ba a taɓo ba, lissafi. A gidajen abinci na zama, farashin da ka gani a takarda ba shi za ka biya ba. Ana ɗora harajin gwamnati kashi 14 cikin ɗari, da kuɗin hidima wajen kashi 12, sannan wanda ya yi muku hidima yana sa ran ɗan abin goro a hannu. Wannan ƙa'ida ce, ba cuta ba. Cutar ita ce irin wadda aka yi min a wani wuri da ba zan kama suna ba: muna zama aka cika tebur da ƙananan faranti, salak iri-iri da ruwan roba, na ɗauka kyautar gida ce, ashe kowanne da kuɗinsa. Abin da ba ka ce a kawo ba, ka tambaya tun kafin a taɓa. Kuma duk wanda ya tare ka a hanya da fara'a yana cewa wurin da kake nema a rufe yake, zo in kai ka wani, ka yi masa godiya ka wuce. Ƙarshen tafiyar shagon turare ne.

Farashin da wani ya ci da shi shekara biyu da suka wuce kada ka yi kasafi da shi, tun da aka karya darajar fam ɗin Masar, wato gine, a Maris 2024 komai ya sauya.

Azhari_Zazzau:
Ƙari kaɗan. Daren Alhamis shi ne daren fitarsu, ko'ina cike, ranar ku ci da wuri ko a kawo muku ɗaki. Sallar magariba in ta riske ku wajen Tahrir ga masallacin Umar Makram nan. Kuma in Hajiya ta ji sauƙi kafin ku koma, ku kai ta Azhar da masallacin Husaini ta yi sallah, a nan kusa akwai Farahat masu tattabarar da ake cusa wa shinkafa. Ranar ka yi min magana in zo in gaishe ta, in raka ku.

Malam_Na_Gwale:
Allah ya yi maka albarka yaro. Har yanzu dai ina kan bakana, a fara da asidar nan kafin komai.

Hafsat_Dutse:
Ni kuma na ce a fara da mulukiyya. In ta karɓe ta, an huta da zuwa Giza kullum.

Abu_Safiyya:
Jama'a, ga mu a Alƙahira yau kwana biyar, na ce bari in dawo in ba ku labari. Injiniya, otal ɗin hawa na huɗu ne, liftar irin wadda ka kwatanta ce amma tana aiki, alhamdu lillahi.

Daren farko Hajiya ba ta ci komai ba sai shayi da gurasa, gajiya ta yi mata yawa. Washegari na bi maganar Azhari, muna dawowa daga asibiti bayan la'asar na fita na samo mulukiyya da farar shinkafa da rabin kaza. Ta buɗe robar ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta ɗaga ta ga yauƙin, ta ce da ƙanwata, "Ke, wannan ai lalo ce, wa ya koya musu?" Ta wanke hannu ta cura shinkafar ta cinye, sai dai ta ce tafarnuwa ta yi yawa kuma miya ba daddawa kamar ba a gama ta ba. Shekaranjiya na je Faisal na sayo asida da miyar kuɓewa. Wannan kam ba ta yi magana ba sai da ta ga ƙasan kwano. Amma tafiyar da dawowar ta ci min kusan awa biyu, ba zan iya kullum ba, gobe zan gwada wajen Ataba. Ƙanwata kuma ta kamu da koshari, Ɗan_Kwari ka samu mabiyiya.

An sa aikin ranar Lahadi, ku sa mu a addu'a. Sannan Hajiya ta ce lallai sai an sayo mata busasshiyar mulukiyyar nan ta kai gida ta gwada da daddawa. Ina ake samu mai kyau?

Sista_Rabi:
Allah ya sa a yi a sa'a, ya tashi kafaɗunta. A tambayi likita tun yau ƙarfe nawa za ta daina ci daren Asabar.

Wad_Mai_Wurno:
Amin ya Rabbi. Kowane shagon kayan ƙamshi yana da ita, ka ce mulukiyya nashfa. In kana son babban wuri ka je Harraz wajen Babul Khalƙ. Ka murza kaɗan a tafin hannu, ka zaɓi wadda take kore shar, ba wadda ta koma ruwan ƙasa ba. In za ka zo Faisal kuma ka faɗa min da wuri, uwar 'ya'yana ta ce ita za ta tuƙa wa Hajiya na ranar da za a sallamo ta.